Jawabin Tunawa Da Yaron Ƙauye Wanda Ciwo Ya Kashe A Yaƙin Bama

 

Wanda aka taru domin tunawa da shi bai taɓa riƙe sarauta ba, bai kuwa taɓa riƙe alƙalamin En'e ba ko na yini guda. Yaro ne ɗan talakawa, manomi ɗan manomi, daga ƙauyukan yammacin Katsina, watau ƙasar Ruma wadda hakiminta ke zaune a Batsari, da ƙasar Yarima ta Safana. An ɗauke shi soja cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka fara a 1939 aka ƙare a 1945, aka ƙetare teku da shi zuwa ƙasar Bama, can kwanansa ya ƙare. Harsashi bai taɓa jikinsa ba. Ciwo ne ya kwantar da shi a ƙasar da ba shi da uwa ba shi da uba, har ya cika. Ba za a kira shi da suna guda ba, gama ba shi kaɗai ba ne, abin da za a faɗa a kansa kuwa ya hau kan kowane ɗaya daga cikin 'yan'uwansa da suka bi wannan hanya.

Mutanen wannan yanki ba baƙin yaƙi ba ne. Kafin zuwan Turawa Ruma tana bakin daga, ita ke tare wa Katsina mahara daga wajen Maraɗi, har wa yau kuwa sunan Ɗanwaire bai fita daga bakin maroƙa ba. Amma al'adar mutane tun can ita ce, wanda kibiya ko mashi ya kashe shi ke samun kirari, jikokinsa su yi ta alfahari da shi. Wanda masassara ta kashe a sansani kuwa, sai a ce Allah ya yi masa cikawa, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, a rufe zancen. Wannan al'ada ita ta bi yaron nan har ta binne labarinsa, ko da ya ke nauyin da ya ɗauka bai kasa na wanda aka harbe ba ko kaɗan.

Ya kamata a fara da yadda aka yi ya bar gida, domin a nan ne hannun En'e ya ke cikin maganar. Sa'ad da yaƙi ya yi zafi, Gwamna ya nemi mutane. Takarda ta kan fito daga Razdan zuwa ga Sarki, a lokacin kuwa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne bisa gado. Daga Sarki ta sauka ga hakimai, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, wanda ya san kowane gida da yawan samarin da ke cikinsa, tun da ya ke shi ke bin su haraji. Bisa takarda, shiga soja ganin dama ne. Waɗansu kuwa lalle don kansu suka tafi, wani don sha'awar kaki da jar dara, wani don ya tara sadaki, wani don ya huce haushin abin da aka yi masa a gida. Ga kuma yunwar 1942, wadda tsofaffi ke kira 'Yar Gusau, ta sa sule gudan da a ke ba soja a yini ya zama abin dubawa. Amma gaskiya ba ta ɓuya: dagacin da aka ce ya kawo mutum kaza ba ya komawa wurin hakimi hannu wofi, ba kuwa ɗansa ya kan kawo ba. Cikin waɗannan shekaru ne kuma, daga 1942 zuwa 1944, a ke ɗibar mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da aka sani da ɗiban gwamna. Saboda haka uwar da ta ga dogari ko ɗan doka ya tsaya a ƙofar gida ba ta tambayar ina za a kai ɗanta, ta dai san an zo rabuwa.

Yaron ya taka a ƙasa zuwa birnin Katsina, likita ya duba ƙirjinsa da idonsa da ƙafarsa, aka ce ya isa. Aka sa shi a mota zuwa inda jirgin ƙasa ya ke, aka sauke shi Zariya, inda barikin koyar da kurata ya ke tun 1924. A nan aka yi wani abu ƙarami wanda ba wanda ya kula da shi a ran nan, amma shi ne asalin ɓacewarsa. Magatakardan bariki ya tambayi sunansa, ya faɗi sunansa na yanka. Aka tambaye shi garinsu. Da ya ke ya san ba wanda ya taɓa jin sunan ƙauyensu a nan, sai ya ce Katsina. Magatakarda ya rubuta wane Katsina, ya ba shi lamba. Haka aka yi wa dubbai: wane Kano, wane Sakkwato, wane Bauci. Sunan uba ya faɗi, sunan ƙauye ya faɗi, Ruma da Wagini da Runka da Zakka duk suka narke cikin kalma guda. Waɗansu ma da gangan suka sake suna, don kada iyaye su biyo sawu.

Sojan Nijeriya sun riga sun yi yaƙi da Italiya a ƙasar Somaliya da Habasha a 1941, suka komo da nasara. Amma a 1942 Japan ta kwace Bama daga hannun Ingilishi ta tsaya a bakin iyakar Indiya, sai aka ga a kai mutanen Afirka ta Yamma can, bisa zaton cewa sun saba da kurmi. Wanda ya yi wannan zato bai taɓa ganin Batsari ba. Yaron da ya tashi cikin gonar gero da dawa, wanda iyakar dajin da ya sani shi ne Rugu, inda rana ke ratsa itatuwa har ƙasa, ba abin da ya haɗa shi da kurmi sai 'yan watannin da aka koya masa a Kudu. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82. Ta 81 ita ta fara tashi daga Ikko cikin wannan shekara, jirgin ruwa ya kewaye da su ta ƙarshen Afirka ta Kudu, suka yi fiye da wata guda bisa teku kafin su sauka Bombai. Ta 82 ta bi baya a 1944. Sojan da a dā ya ke fareti ba takalmi, yanzu aka ɗaura masa takalmin soja mai nauyi, aka karɓe jar dara aka ba shi malafa.

Daga Indiya aka rarraba su. Mafi yawan runduna ta 81 suka shiga kwarin kogin Kaladan a ƙasar Arakan, inda ba hanyar mota, abinci ma daga jirgin sama a ke jefo musu. Da yawa cikinsu ba su riƙe bindiga ba, aikinsu ɗaukar kaya a ka, harsashi da abinci da magani, suna hawa tsauni suna gangarawa, su ma kuwa soja ne cikakku masu lamba. Bataliya uku ta Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka haɗa su da mayaƙan Janar Wingate, waɗanda a ke kira Chindit, aka sauke su da jirgin sama can bayan sansanin Japanawa a 1944. Runduna ta 82 ta shiga Arakan a ƙarshen wannan shekara, su da ta 81 suka ci garin Myohaung a watan Janairu na 1945. Wanda ya san barikin Chindit a Zariya, da Dalet a Kaduna, da Myohaung da Arakan a Ikko, to, daga can sunayen suka fito.

Sai dai abokin gāban da ya fi Japanawa ɓarna a wannan ƙasa ba ya ɗaukar bindiga. A ƙasar Katsina ruwan shekara duka bai cika wuce inci 30 ba. A gaɓar Arakan ya kan kai kusan inci 200, mafi yawansa cikin wata biyar, daga Mayu zuwa Satumba. Tufa ba ta bushewa, bargo ba ya bushewa, ƙafa ta kan jiƙe cikin takalmi har fata ta saɓule. Matsattsaku na bisa kowane ganye, inda ya kama kuwa ya kan zama gyambo. Sauro ba a maganarsa. Ruwan sha shi ne na rafin da dubban mutane da alfadarai suka ratsa, daga nan atuni ke shiga, mutum ya yi ta zawo da jini har ƙarfinsa ya tsiyaye. Akwai kuma wani ƙwaro cikin ciyawa, bai kai ƙwayar gero ba, in ya ciji mutum sai bayan kwana goma ko fiye zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, a lokacin kuwa ba a sami maganinsa ba tukuna. Janar Slim, shugaban Runduna ta 14, ya rubuta cewa a 1943 duk mutum ɗaya da aka fitar daga fagen fama don rauni, an fitar da 120 don ciwo.

Maganin masassara da aka sani a dā shi ne kwinin, mafi yawansa kuwa daga tsibirin Jawa ya ke fitowa, Japan ta kama Jawa a 1942. Sai aka koma ga wata ƙwaya rawaya mai ɗaci, mefakirin, wadda a ke ba kowane soja kullum. Da fari mutane suka ƙi ta, gama an baza jita-jita wai tana kashe mazakuta. Sai da Slim ya sa aka riƙa sha a gaban hafsa, ya kuma tuɓe shugabannin da aka sami mutanensu ba su sha, kāna ciwon ya ja baya. A nan akwai abin lura ga duk mai riƙe da jama'a: maganin yana nan tun farko, abin da ya rage shi ne wanda zai tsaya ya ga an haɗiye. Amma ƙwayar nan ta masassara ce kaɗai. Ba ta hana atuni, ba ta hana ciwon haƙarƙari ga wanda ya kwana cikin ruwa.

To, a dubi yaron nan cikin damina ta 1944. Bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba. Kwana da kwanaki cikinsa na murɗa, bai faɗa ba, don kunya, don kuma ya ga kowa haka ya ke. Ya ci gaba da ɗaukar kayansa. Ran da ya kāsa tashi, 'yan'uwansa suka sare gora suka yi amuku suka ɗauke shi, mutum huɗu waɗanda su ma ba lafiya gare su ba. In ana rani, da ƙaramin jirgin sama ya sauka a fili ya kai shi asibiti cikin sa'a kaɗan, haka aka ceci da yawa. Amma ruwa ya mai da filayen taɓo. A wajen mayaƙan Chindit har sai da aka kawo jirgin sama mai sauka bisa ruwa, ya riƙa kwasar marasa lafiya daga tafkin Indawgyi. Wanda rabonsa ya kai, ya isa asibitin soja a Citagon ko Kumila. Waɗansu can suka warke, waɗansu can suka cika. Wanda rabonsa bai kai ba, a bakin hanya aka sauke amukun. In limamin bataliya na kusa ya yi masa salla, in ba ya kusa wani mai ɗan karatu cikin abokansa ya shige gaba. Suka haƙa da shebur ɗin da su ke haƙa ramin ɓuya, suka nemi alƙibla wajen yamma, gama a can Makka yamma ta ke, suka rufe shi, saje ya rubuta lambarsa, aka ci gaba da tafiya. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Malamai dai sun sani an lissafa wanda ciwon ciki ya kashe cikin masu shahada.

Labarin ya komo ta hanyar da yaron ya bi ya tafi, sai dai a juye. Daga ofishin soja zuwa Razdan, daga Razdan zuwa fada. Sarkin da aka ɗauke shi a zamaninsa ya riga ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ke bisa gado, shi ne kuwa ya tafi da kansa har Indiya da Bama ya gano sojan ƙasarsa. Daga fada takarda ta sauka ga hakimi, malamin hakimi ya karanta wane Katsina, lamba kaza, ya rasu ran kaza. Sai a shiga tambaya, wane wane ne, gama masu wannan suna a ƙasar ba su ƙirguwa. In an dace, dagaci ya gane, ya sa rawaninsa ya tafi gidan da kansa. Sau da yawa watanni sun shuɗe tsakanin mutuwa da isowar labari, har alƙali ya sami kansa gaban wata mas'ala mai ban tausayi: yarinyar da aka ɗaura wa aure kafin mijin ya tafi, ga labarin rasuwa ya zo, ga wata huɗu da kwana goma na takaba sun riga sun wuce tun tana daka tana jiran wasiƙa, gama daga ranar mutuwa a ke lissafi. 'Yan kuɗin da suka rage na albashinsa aka raba bisa shari'a. Ba gawa, ba kabarin da uwa za ta ce ga inda ɗanta ya ke.

Japan ta sallama a watan Agusta na 1945, mafi yawan sojan kuwa sai a 1946 suka komo. Suka zo da lambobin yabo da akwati da labari. Da yawa En'e ta ɗauke su aiki, suka zama 'yan doka da gandirobobi da masinjoji da direbobi, waɗansu cikin masu sauraron nan ma jikokinsu ne. A bakin kasuwa da zauren dagaci a kan kewaye tsohon soja ya ba da labarin yadda aka yi da Japanawa, da wanda ya yi jarumtaka, da wanda igwa ta ɗauke. Ba mai tambayar labarin wanda zawo ya kashe, shi ma mai ba da labarin ba ya son tunawa, don ya san da idonsa abin da ya gani ba na faɗa a gaban iyaye ba ne. Ta haka yaron ya mutu sau biyu.

Abin mamaki, littafin Turawa bai yi wannan bambanci ba. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana lissafa duk sojan da ya mutu cikin aiki daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947, ko harsashi ne, ko ciwo, ko haɗari, dutse iri ɗaya, girma ɗaya. A maƙabartar Citagon da ta Maynamati kusa da Kumila, waɗanda yanzu ke cikin ƙasar Bangaladash, akwai kabari fiye da 700 a kowace, da na mutanen Afirka ta Yamma a ciki. A Taukkyan, kusa da Rangun, a ƙasar da tun 1989 a ke kira Miyanma, akwai kabari fiye da 6,000, ga kuma ginshiƙan dutse da aka sassaƙa sunan mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba. Wanda aka rufe a bakin hanya cikin kurmi, a nan sunansa ya ke. Ba a ce hukumar ba ta da laifi ba: a 2021 ita da kanta ta amsa cewa cikin mamatan Yaƙin Duniya na Farko akwai 'yan Afirka da Asiya aƙalla 116,000 da ba ta rubuta sunansu ko'ina ba. Na yaƙi na biyu sun fi samun gata. Amma abin da dutsen ya ɗauka shi ne abin da magatakardan Zariya ya rubuta: suna, da lamba, da bataliya, da ranar mutuwa. Dutsen ya ce Katsina, bai ce wace Katsina ba.

Rabin labarin yana Bama, rabi yana ƙasar Ruma da Safana, ba kuwa mai iya haɗa su sai waɗanda suka gāji aikin da ya raba su. An rushe tsarin En'e a 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, Katsina ta zama jiha a 1987, ranar tunawa da mazan jiya ma an ɗauke ta daga 11 ga Nuwamba an mai da ita 15 ga Janairu. Amma hakimi yana nan, dagaci yana nan, mai unguwa yana nan, har yanzu kuwa shi ya san kowane gida. Littafin hukumar kaburburan a buɗe ya ke a intanet, kowane malamin ofis yana iya neman kalmar Katsina ya ga sunayen da za su fito, da lambobinsu da ranakunsu. Abin da ya rage shi ne a ɗauki waɗannan sunaye a shiga ƙauye da su.

Lokaci kuwa ya ƙure. Ƙanen yaron nan, wanda ya ke ɗan shekara takwas sa'ad da aka tafi da wansa, in yana da rai yau ya kai casa'in ko ya kusa. Ga kuma abin da kowa a nan ya sani ya fi mai faɗa: tun wajen 2019 ɓarayin daji sun tashi ƙauyuka da yawa a gefen Rugu, tsofaffi sun watsu, waɗansu a Batsari, waɗansu a birni, waɗansu sun mutu a gidan aro. Ƙauyen da ya tashi ya kan tafi da abin da ya sani. Tsohuwar da a kan iske dā a ɗakinta na gado, yanzu sai an yi cigiya.

Aikin ba mai tsada ba ne, littafi guda ne da alƙalami a kowace gunduma. A rubuta sunan yaron na yanka, da laƙabin da a ke kiransa da shi a gida, da sunan ubansa, da unguwarsu, da zamanin dagacin da aka ɗauke shi, da wanda ya kawo labarin rasuwarsa, da abin da aka ce ya kashe shi, ko da zawo ne a rubuta zawo, ba abin kunya ba ne. In gidan sun ajiye wata takarda ko lamba cikin tsohon adaka, a kwafe lambar, a mayar musu da abinsu a hannu. A fara tambaya daga wajen mata, gama ƙanne mata sun fi riƙe irin wannan, su ne suka ga uwar tana ajiye masa tuwo. A kuma lura da sunayen dattawan gari: a gida da yawa akwai tsoho ɗan shekara saba'in da wani abu, wanda aka haifa bayan yaƙi aka sa masa sunan wan ubansa da bai komo ba, shi kansa watakila bai taɓa tambayar mai sunan ba.